UKULELE DA GURMI: YADDA MUKA KOYI KIƊAN WAƘAR BIKI

Gabatarwa

A ƙarshen zangon farko na kowace shekara, kafin a sallame mu hutun Kirsimeti, makarantarmu takan yi taron iyaye da malamai da ɗalibai, inda kowane aji yakan kawo abin da ya tanada na nishaɗi. A bana mu 'yan aji biyar da muka fito daga ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara, mu aka ɗora wa nauyin waƙar rufe taro. Ba mu da jita, ba mu da kuɗin hayar makaɗa. Abin da kawai muka samu a ɗakin ajiya shi ne wata 'yar ƙaramar abar kiɗa mai tsirkiya huɗu, wadda wani malami da ya bar aiki ya bar wa makaranta. Sunanta ukulele. Mako shida aka ba mu.

Mun rubuta wannan bayani ne domin ƙannenmu da za su zo bayanmu, don kada su sha wahalar da muka sha. Za mu faɗi abin da ukulele take, da yadda ake saita ta, da yadda ake koyon waƙar biki a kanta daki-daki, da kuma darasin da muka samo a wurin wani tsohon makaɗin gurmi, wanda ba don shi ba da mun ji kunya a gaban iyayenmu.

Asalin ukulele

Ukulele ta fito ne daga tsibiran Hawai da ke tsakiyar tekun Fasifik, waɗanda suka zama jiha ta ƙasar Amurka a shekarar 1959. Amma tushenta na Fotugal ne. A cikin watan Agusta na 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya sauke mutanen tsibirin Madera a Honolulu, sun zo aikin gonakin rake. Sun taho da ƙananan jitocinsu na gida, kuma a cikinsu akwai masassaƙa uku: Manuel Nunes da José do Espírito Santo da Augusto Dias. Su ne suka fara ƙera ukulele da icen ƙasar Hawai. Sarkin tsibiran na lokacin, Kalakaua, ya ƙaunace ta ƙwarai, har ya sa ana kaɗa ta a bukukuwan fadarsa. An ce ma'anar sunan a harshensu ita ce "ƙuma mai tsalle", saboda yadda yatsun makaɗi ke tsalle a kanta. Bayan babban bikin baje koli da aka yi a San Francisco a 1915 sai ta bazu cikin Amurka, daga can ta shiga duniya.

Ƙaramar cikinsu, irin tamu, tsawonta bai wuce santimita 53 ba, wato kamu ɗaya da ɗan ɗori. Tana da akwatin katako mai rami a tsakiya, da wuya, da kai mai maɗaurai huɗu da ake murɗawa don ɗaure tsirkiya ko sassauta ta. A kan wuyan an gitta ƙananan ƙarafa da suka raba shi kashi-kashi kamar gaɓoɓin rake, shi ya sa a nan za mu riƙa kiran su gaɓoɓi. Gaɓa ta 1 ita ce ta kusa da kai.

Danginta na gida

Ranar da muka fara ɗaukar ta, wani daga cikinmu ya ce, "Ai wannan gurmin Turawa ne." Bai yi kuskure sosai ba. Ƙasar Hausa tana da nata kayan kiɗa masu tsirkiya tun kaka da kakanni. Akwai gurmi, wanda akan yi da ɓarin duma a rufe da fata a sa masa tsirkiya biyu ko uku. An san shi da kiɗan 'yan kokawa, kuma da shi Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna. Akwai garaya mai tsirkiya biyu, ta maharba. Akwai molo mai uku. Akwai kuma kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak, wanda akan yi da gwangwanin kifi da fatar akuya. Da shi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya duniya. Masana tarihin kiɗa ma suna lissafa gurmi a cikin dangin da abin kiɗan nan na Amurka mai suna banjo ya fito daga cikinsu, ta hannun bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma.

Zamfara kuwa gidan kiɗa ce. Ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, ba za a koya mata daɗin waƙa ba. Duk wanda ya taɓa ganin hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Zamfara a Anka, ko kokawar kaka a ƙauyukan Bukkuyum da Gummi bayan an kai amfanin gona gida, ya san biki ba ya cika sai da makaɗi.

Bambancin da ke tsakaninsu guda biyu ne. Na farko, wuyan gurmi sanda ce sumul, babu gaɓoɓi, saboda haka kunnen makaɗi ne ke gaya wa yatsansa inda zai tsaya. Na biyu, mai gurmi yakan bi sautuka ɗaya bayan ɗaya yana zagayawa, mai ukulele kuwa yakan danne tsirkiyoyi ya share su gaba ɗaya, sautuka uku ko huɗu su tashi tare. Wannan haɗin shi masu jita ke kira kod. Mu dai kamu muke ce masa, tun da da yatsu ake kama shi.

Saita tsirkiya

Kafin komai sai an saita tsirkiyoyi, domin ko gwani ne ya kaɗa abin da ba a saita ba, hayaniya zai yi. Ka rungume ukulele a ƙirjinka, wuyanta a hannun hagu. Tsirkiyar da ke sama, kusa da haɓarka, ita ce G. Ta biyu C, ta uku E, ta ƙasa A. Ga wanda ya koyi do-re-mi a aji, su ne so, do, mi, la.

A yau akwai manhajar wayar hannu da ke saurarar tsirkiya ta gaya maka ko ta yi daidai. Amma da yake ba a yarda mu riƙe waya a makaranta ba, ga hanyar da muka bi. Ka ɗauki tsirkiya ta biyu a matsayin uwa. Danne ta a gaɓa ta 4, sautin da ta bayar shi ne ya kamata ta uku ta bayar ba tare da an danne ta ba. In sun daidaita, sai ka danne ta uku a gaɓa ta 3, ka daidaita ta sama da ita. Daga nan ka danne ta ukun a gaɓa ta 5, ka daidaita ta ƙasa. A riƙa murɗa maɗauri a hankali. Sabuwar tsirkiyar roba takan yi kwanaki tana miƙewa, don haka kada ka yi fushi in ka saita da safe ka tarar ta sauka da yamma.

A nan muka gano wani abu da ya ba mu mamaki. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan sautuka biyar suke tafiya: do, re, mi, so, la. To ga huɗu daga cikinsu a shimfiɗe a tsirkiyoyin ukulele tun ba ka danna komai ba. Na biyar ɗin, wato re, yana tsirkiya ta biyu, gaɓa ta 2. Ashe baƙuwar tamu tana jin Hausa.

Zaɓen waƙa

Mai koyo ya nemi waƙa mai kamu kaɗan, wadda kuma jama'a suka riga suka sani, domin waƙar biki ta taro ce. Mu mun zaɓi "Feliz Navidad", wadda José Feliciano, makahon mawaƙi ɗan tsibirin Fato Riko, ya fitar a 1970 cikin Sifaniyanci da Ingilishi. Kalmominta 'yan kaɗan ne, gaisuwar barka da biki ce kawai ake maimaitawa, kuma ana iya kaɗa ta da kamu uku. Ga su:

Kamun C: yatsan da ke kusa da ƙarami ya danne tsirkiyar ƙasa a gaɓa ta 3. Shi ke nan.

Kamun F: manuni ya danne tsirkiya ta uku a gaɓa ta 1, yatsan tsakiya ya danne ta sama a gaɓa ta 2.

Kamun G7: manuni yana nan a tsirkiya ta uku gaɓa ta 1, na tsakiya ya sauko tsirkiya ta biyu gaɓa ta 2, na kusa da ƙarami ya danne ta ƙasa a gaɓa ta 2.

A lura, daga F zuwa G7 manuni ba ya motsawa ko kaɗan. Mun yi mako guda muna ɗage yatsu duka muna sake dasa su kafin mu gane haka. A danna da kan yatsa, dab da bayan ƙarfen gaɓa, kuma a yanke faratan hannun hagu. In tsirkiya ta yi zizar ƙudan zuma, dannawa ce ba ta isa ba. In ta yi shiru, wani yatsa ne ya jingina da ita.

Tsarin waƙar shi ne: F bugu huɗu, G7 bugu huɗu, C bugu takwas, sai a koma farko. Haka za a yi ta zagayawa har ƙarshe. Abin lura ɗaya shi ne murya takan riga hannu shiga: mawaƙi zai fara kalmomin farko, sai gaɓar ƙarshe ta sunan waƙar ta faɗo daidai kan bugun farko na F.

Aikin hannun dama

Hannun hagu yana zaɓen sauti, na dama shi ke riƙe da rawa. Ana share tsirkiyoyi da manuni, a daidai inda wuya ya haɗu da akwati: in za a yi ƙasa da bayan farce, in za a yi sama da tsokar yatsa. Motsin daga wuyan hannu yake fitowa, kamar mai yarfe ruwa bayan wanke hannu.

A makon farko a tsaya kan bugu huɗu zuwa ƙasa, ana ƙirgawa da baki. In hannu ya saba, sai a shiga salon da aka fi kaɗa irin waɗannan waƙoƙi da shi, mai shara shida: ƙasa, ƙasa-sama, sama-ƙasa-sama. Sirrinsa shi ne hannu ba ya tsayawa. A bugu na uku yakan sauka ƙasa kamar kullum, sai dai ba ya taɓa tsirkiya.

Da muka kai mako na uku mun haddace kamu, mun haddace ƙirga. Amma duk wanda ya ji mu sai ya kau da kai. Muna canza kamu sai kiɗa ya tsaya cik, mu gyara yatsu, sannan mu ci gaba. Masu amshi suka gaji da jiranmu. Har an fara raɗe-raɗin a karɓe waƙar a ba 'yan aji shida.

Abin da mai gurmi ya koya mana

A hutun rabin zango mu uku muka tafi da ukulele wani ƙauye a ƙasar Gummi, wurin kakan ɗaya daga cikinmu, wanda ya yi wa 'yan kokawa kiɗan gurmi a zamanin ƙuruciyarsa. Muka gaishe shi, muka kaɗa masa abin da muka iya. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce, "Ɗiyana, abin ga naku na da murya, amma bai da magana. Mi yaka cewa?"

Muka ce, "Baba, ai ba ya cewa komai, ƙirgawa muke yi."

Ya yi dariya har da tari. Ya bayyana mana cewa makaɗin Hausa ba ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. Kowane kiɗa yana da maganar da yake faɗi, kamar yadda kowane ɗan kokawa yake da takensa, wanda in an kaɗa ko yana cikin barci zai san da shi ake. Yaro yakan fara riƙe maganar a baki, sannan hannu ya bi baki. Nan take muka nema wa sharar nan shida magana, muka samu: "Zo, mu je, mu daka." Gaɓa shida, shara shida, kuma inda baki ya ja "je" nan ne hannu ke wucewa ba ya taɓa tsirkiya. Abin da ya gagare mu mako uku, kafin la'asar ya zauna.

Darasi na biyu ya fi na farko. Ya ce mu dubi mata masu lugude: in ɗaya ta yi kuskure ba ta tsayar da taɓarya ta ba da haƙuri, takan bari zagaye ya dawo ta shiga. Haka makaɗi. In yatsun hagu ba su kai ga kamu ba, hannun dama ya ci gaba da sharawa ko da tsirkiyoyi a sake suke. Masu rawa za su yafe maka sautin da ya kauce, amma ba za su yafe maka bugun da ya yanke ba. Da muka gwada sai muka ga shara ta ƙarshe kafin canjin kamu ana iya yin ta a sake, yatsu su samu damar tafiya, kuma ba mai ganewa.

Darasi na uku: kada a zauna da abin kiɗa sai an iya rera waƙar da baki ana tafi. Baki da tafi tukuna, sannan hannun dama shi kaɗai an dafe tsirkiyoyi, sannan hagu shi kaɗai, sannan a haɗa su a hankali. Minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Yatsu za su yi zafi kwanakin farko, daga baya su yi kanta. Sannu ba ta hana zuwa.

In za a sa kalmomin Hausa

Mun so mu ƙara baiti ɗaya da Hausa don iyayenmu. A nan ma akwai tarko. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya suna canza ma'ana. Alal misali, "wuya" ta jiki tana farawa sama ta sauko, "wuya" ta wahala kuwa tana farawa ƙasa ta hau. In karin waƙar baƙi ya hau a inda kalmarka ke sauka, mai sauraro zai ji wani abu dabam. Haka kuma gaɓa mai tsawo tana son sauti mai tsawo. Saboda haka a fara faɗin layin da baki kamar ana magana, a ji inda ya hau da inda ya sauka, sannan a gwada shi da karin. In sun yi karo a sake kalma.

Ga waƙoƙinmu na gida kuma, irin na barka da Sallah ko na gaɗa ko na kai amarya, mun lura yawan canza kamu yana ɓata su. Abin da ya fi dacewa shi ne a riƙe C kaɗai, ko a riƙe Am, wato yatsan tsakiya a tsirkiyar sama gaɓa ta 2, a riƙa tsinkar tsirkiyoyi ɗaya-ɗaya da babban yatsa da manuni, kamar yadda mai gurmi ke yi. Duk da haka akwai sautukan da gurmi ke samu a tsakanin gaɓoɓi waɗanda ukulele ba ta da su. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kula da ita

Bikin ƙarshen shekara a cikin hunturu yake zuwa, kuma busasshiyar iska tana tsaga siririn katako. Kada a bar ukulele a rana ko kusa da wuta, a riƙa naɗe ta a zane a sa cikin akwati. Fatar gurmi in ta saki da damina akan shanya ta ta ɗame, amma katakon ukulele zafi lahani yake yi masa. In tsirkiya ta tsinke, kamar yadda tamu ta ƙasa ta yi saura kwana tara, igiyar fatsa ta roba mai kauri daidai da ita tana iya maye gurbinta. A wurin masunta muka samo tamu. Kada a kuskura a sa wayar ƙarfe, domin ƙarfin janta zai ɓamɓare ɗan katakon da tsirkiyoyi ke ɗaure a kai.

Kammalawa

Ranar taro mun yi kuskure sau biyu a kamun G7, mu kaɗai muka sani, domin hannun dama bai tsaya ba. Da muka shiga baitin Hausa iyaye suka kama tafi, har aka sa muka maimaita.

Sai dai akwai abin da ya tsaya mana a rai. Da za mu baro ƙauyen nan mun roƙi tsohon ya kaɗa mana gurminsa. Aka ɗauko shi daga rataya, fatar ta yage, tsirkiya ɗaya ce ta rage. Ya ce rabon da a kira shi wasa ya manta. Shekaru fiye da goma ke nan rashin tsaro ya rage wasan dandali da tarukan dare a ƙauyukanmu da yawa, inda ake biki kuma lasifika da waya sun karɓe aikin makaɗi. A cikin 'ya'yansa da jikokinsa babu wanda ya koya. Kamun ukulele yana rubuce a littattafai da intanet, ko bayan shekara ɗari mai nema zai samu. Taken 'yan kokawar ƙauyen nan kuwa a kan mutum ɗaya yake, kuma ya tsufa.

Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman na Anka da Gummi da Bukkuyum: ku koyi ukulele, tana nan a ɗakin ajiya, mun sa mata sabuwar tsirkiya. Amma in kun je hutu ku tambaya ko akwai mai gurmi ko garaya ko kuntigi a garinku. Ku je ku gaishe shi, ku zauna ku saurara, in ya yarda ku ɗauki kiɗansa a waya, ku rubuta maganar kowane take. Mu mun haɗa kuɗi mun ba da a sake wa gurmin Baba fata, kuma ya yi mana alkawarin darasin farko a dogon hutu. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.